Kyanwar Marigayi da Tulin Yashi

Kyanwar ba tawa ba ce tun asali, ta marigayi mijina ce. A bakin masallacin unguwarmu ta Giginyu ya tsince ta wata damina, tana 'yar mitsitsiya, ruwa ya jiƙa ta har ba ta iya kuka. Ya sako ta a aljihun riga ya kawo gida. Fara ce, da baƙi a kunne ɗaya da kuma bakin wutsiya. Bai sa mata suna ba, ni ma ban sa mata ba. In zai kira ta sai ya ce, "Ke," ta taho. In ni zai kira, "Ke" ɗin dai yake cewa, amma ba mu taɓa rikicewa ba, ni da ita.

Da ciwo ya kwantar da shi, a kan ƙafafunsa take kwana. Da Allah ya karɓi abinsa na shiga takaba, masu gaisuwa suka zo, suka zauna, suka watse, aka bar ni da ita. Kullum bayan la'asar sai ta hau buzun sallarsa ta naɗe ƙafafu, daidai lokacin da ya saba zama da carbinsa. Ni kuwa in zauna nesa kaɗan, kamar yadda na saba. Haka muka yi takabar tare.

Da na fita takaba aka ce ba za a bar ni ni kaɗai a tsohon gida ba. Aka ɗauko ni zuwa gidan ɗana a Nassarawa, cikin manyan gidajen nan masu doguwar katanga da tsofaffin bishiyoyi, inda marigayi ya taɓa yin aikin lambu yana saurayi. An gyara min ciki da falo a sama, na ce a'a, a ba ni ɗakin baya na kusa da kicin, inda zan taka ƙasa in hura gawayina. Na zo da akwatina, da buzun, da kyanwar.

Ɗan nan nawa shi ne na fari. Yaran yanzu ba su san abin da wannan ke nufi ba. Mu a lokacinmu, ɗan fari ba a faɗar sunansa, ba a yi masa wasa a gaban mutane, ba a nuna an damu da shi. Ana yaye shi uwar mijina ta ɗauke shi, a ɗakinta ya tashi. Har ya yi furfura a gemu ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa buɗe baki na ce ya yi min kaza ba. Kullum da safe zai zo bakin ƙofata ya durƙusa ya gaishe ni, ni kuma in amsa ina kallon bango. In akwai magana a tsakaninmu, matarsa ce ke ɗauka ta kai, ta ɗauko ta kawo. Yarinya ce mai fara'a da yawan zolaya, ta kuma iya ɗaukar magana ba ta zubar da rabi a hanya ba.

Suna da 'yar auta wadda aka sa wa sunana, saboda haka ni takwara nake ce mata. A lokacin ba ta daɗe da fara gudu ba. A bayan gidan, tsakanin ɗakina da katanga, akwai tulin yashi da magina suka bari. Nan ne duniyar takwara. Nan take dafa tuwonta na wasa a murfin kwalba, ta kawo min ta ce in ci. Nan ne kuma kyanwar take zuwa ta yi tono, ta biya buƙatarta, ta rufe. Ni na sani, amma ban ɗauke shi komai ba, don a tsohon gidanmu haka yara da kaji da kyanwa suka tashi a tsakar gida ɗaya.

Sai kyanwar ta fara ramewa. Tana ci, ba ta ƙi abinci ba, amma in na shafa bayanta sai in ji ƙashi yana bin tafin hannuna. Gashinta mai sheƙi ya dushe ya miƙe. Cikinta ya ɗan kumbura, sauran jikin ya zube. Sai kuma zawo. Wata safiya ta kasa kai wa yashi, ta ɓata barandar babban gida, daidai lokacin da mai gidan ya fito zai tafi ofis, takwara na biye da shi ba takalmi.

Da yamma matarsa ta zo ta zauna a bakin katifata, tana ta juya zobenta.

Na ce, "Faɗi abin da aka aiko ki, ai ba ke kika yi maganar ba."

Ta ce, "Hajiya, cewa ya yi a kai ta wajen likitan dabbobi a duba. In abin da ke jikinta ba ya kama mutum, shi ke nan. In kuwa yana kama mutum, to saboda yarinyar nan, sai dai a fitar da ita."

Na san yadda ake fitar da kyanwa. A buhu ake sa ta, a ɗaure bakin don kada ta ga hanya, a kai ta can bayan wata kasuwa a kwance a juyo. Washegari kuwa na ga buhun shinkafa wanda ba komai a ciki, an ninke shi an ajiye a kan tagar kicin. Ban tambayi wanda ya ajiye ba.

Surukata ce ta tuƙa mu a motarta, kyanwar na cikin kwando a kan cinyata. Asibitin ba shi da nisa da mu, wani gida ne aka mayar wurin duba dabbobi. Ban taɓa sanin akwai irinsa ba. Muna shiga na ga wani kare kamar maraƙi kwance a kan tayil, mai shi yana shafa masa kai yana lallashinsa. Na tattare mayafina. Surukata kuwa ta maƙale a bayana, ta riƙe min kafaɗa kamar ni ce zan tare mata shi.

Na ce, "Ke mai tuƙa mota a tsakiyar titin Kano, kare ne zai sa ki ɓuya a bayan tsohuwa?"

Ta ce, "Hajiya, mota ba ta cizo."

Likitar mace ce, matashiya, daga wajen Zariya, ba Musulma ba ce amma Hausarta tas. Mama take ce min. Ta ɗora kyanwar a kan tebur, ta lalubi cikinta, ta ɗaga mata leɓe ta nuna min dasashinta. Ya yi fari fat, kamar ba jini. Ta ce tana zargin tsutsar ciki, amma tsutsa iri-iri ce, kowacce da maganinta, wata tana kama mutum, wata ba ta kamawa, kuma ba tsutsa kaɗai ke ramar da tsohuwar kyanwa ba. Ba za ta yi hukunci da ka ba. Sai an kawo mata kashin kyanwar ta duba.

Na ɗauka ban ji daidai ba. Na ce, "A kawo miki me?"

Ta maimaita, ba ko kunya, kamar mai cewa a kawo mata goro. Ta miƙo min wata 'yar roba mai murfi.

A hanya surukata dariya take ta yi har tana share hawaye. Ta ce, "Yau ga abin da ban taɓa ɗauka a motar nan ba. Hajiya, gaba za mu sa shi ko baya?" Ni ban yi dariya ba. Ina tunanin buhun da ke kan taga.

Da muka koma na yi yadda na san ana yi. Duk macen da ta tashi a gidan ƙasa ta san ba a taɓa ƙazanta da ɗanyenta. Ko ta kaza ce, ko ta yaro, toka ake fara zuba mata ta shanye danshin, ta kashe warin, sannan a kwashe. Na je yashin na tona, na sami abin da na samu, na ɗebo toka daga murhuna na barbaɗa masa sosai. Na bar shi a rana ya bushe ƙarau, don kada in kai wa 'yar mutane abu mai wari. Sannan na sa a robar, na naɗe da leda, na sake naɗewa da wata, na wanke hannuna har gwiwar hannu.

Likitar ta kwance leda, ta kwance leda, ta buɗe murfin, ta leƙa ciki. Sai ta ce, "Mama, wannan kuma dawa aka soya?"

Na ce, "Gyara miki shi na yi."

Ba ta yi min dariya ba, ko da yake na ga bakinta yana so. Ta ce kakarta ma haka take yi, kuma a tsakar gida hakan daidai ne. Amma abin da take nema ƙwai ne, ƙwan tsutsa, ƙanana waɗanda ido ba ya gani. Rana ta busar da su ta lalata kamanninsu, toka kuma ta cika wurin da duhu, ba abin da za ta iya rarrabewa. Ta kuma tambaye ni ko na tabbata na kyanwata ne. Nan na tsaya, don kyanwoyin maƙwabta suna hauro katanga, su ma sun san yashin.

Ta ce, "Sabo nake so, na safiyar ranar, wanda kika ga fitarsa da idonki. Ba toka, ba rana. Kaɗan ya isa, kamar kan babban yatsa. In za a daɗe ba a kawo ba, a sa a wuri mai sanyi."

Surukata ta leƙo daga bakin ƙofa, inda ta tsaya saboda karnuka, ta ce, "Likita, in dai firjina kike nufi, gara ki zo ki tare a gidanmu."

To, nan wuyar take. Kafin in ga fitarsa da idona, sai na kulle kyanwar a ɗakina, in ajiye mata daro da yashi mai tsabta. Ɗakin nan a ciki nake salla. Marigayi ya sha gaya min kyanwa ba najasa ba ce, ko ta sha a kwanonka ba komai, amma abin da ta fitar najasa ne. Ga shi kuma ni tun da nake ban taɓa tsayawa kallon wata halitta tana biyan buƙatarta ba. Ko akuya ce, kawar da kai ake yi. Na ɗauke darduma da buzun na rataye su a ƙusa, na tura daron can ƙuryar ƙofa, na riƙa fita baranda ina salla.

Ita ma kyanwar abin bai yi mata daɗi ba. Ta zagaya daron, ta shinshina, ta koma ta zauna tana kallona. Ta yi kuka a bakin ƙofa, na ƙi buɗewa. Wuni guda muka yi muna wannan zaman, ita tana jin nauyina, ni ina jin nauyinta. Sai da gari ya waye, hantsi ya fara, sannan ta shiga daron ta yi tono. Na juya mata gefe, ina kallo da wutsiyar ido. Tana gamawa, kafin ta rufe, na ɗauke ta na ce, "Yi haƙuri, ke." Na ɗiba da tsinken itace na sa a robar. Hannuna ya kai ga kaskon toka da kansa, na janye shi.

Wannan karon surukata ta ce a mota za ta jira, ta gaji da karnukan mutane. Ni kaɗai na shiga.

Likitar ta ce in ina so in zo in gani. Ta kai ni wani ɗan ɗaki a ciki. Ta dama abin a wani ruwa da ta ce gishiri ne ya yi masa yawa, ta tace da 'yar rariya, ta zuba a siririyar kwalba har ya cika baki, ta ɗora wani ɗan gilashi a kai kamar farce. Ta ce sai mu jira kaɗan. Na tambaye ta me ake jira. Ta ce ruwan ya fi ƙwan nauyi, saboda haka datti zai nutse, ƙwan ya taso sama ya manne a gilashin. Na ce ashe wankin gero ne aka juya, mu abin da ya taso muke zubarwa. Ta ce haka ne, Mama.

Ta ɗauke gilashin ta sa a ƙarƙashin madubin nan nasu mai ido biyu, ta daɗe tana murɗa wani abu a gefe. Sannan ta matsa ta ce in sa idona. Da farko haske kawai na gani, kamar farin wata a cikin rijiya. Sai na gan su. Wasu zagayayyu, masu kaurin ɓawo, ruwan ƙasa, da duhu a tsakiya. Wasu kuma masu ɗan tsawo, ɓawonsu siriri kamar za ka huda da numfashi. Suna nan birjik, ba sa motsi. Abin da na ɗebo da kan tsinke ne duk wannan ke ciki. Na ɗago kai na yi tasbihi.

Ta ce iri biyu ne. Zagayayyun na macijin ciki ne, mai cinye abincin da kyanwar ta ci. Masu tsawon na wata ƙaramar tsutsa ce mai kama hanji tana shan jini, ita ta sa dasashin ya yi fari. Daga ɓera ko ƙadangare ko ƙasa take ɗaukarsu. Duka biyun suna jin magani. A ba ta yanzu, a sake ba ta bayan ɗan lokaci, sannan a sake kawo kashin a duba.

Na ce, "Suna kama mutum?"

Ta dube ni, ta ce, "Akwai ƙaramin yaro a gidan?"

Na ce akwai, kuma a yashin take wuni.

Ta ce ba daga shafa kyanwar ake ɗauka ba, daga ƙasar da ta yi kashi ne. Ranar da ya fito ba ya cutarwa, sai ya daɗe a ƙasa mai danshi ya nuna. Yaro ya sa hannu a baki ya haɗiyi ƙwan, ko tsutsar ta shiga ta fatar ƙafa. Maganin da za ta ba kyanwar ba zai taɓa abin da ke cikin yashi ba. Dole a kwashe yashin, a kai yarinyar likitan yara ya duba ta, kuma daga yau kashin kyanwar a daro, a kwashe kullum. Ta ce ko in kira mata surukata ta yi mata bayani. Na ce ta bari, ni zan faɗa.

A mota surukata ta ce, "Me aka gani?"

Na ce, "Tsutsa ce. An ba da magani."

Ta ce, "Alhamdu lillahi. Ai shi ke nan, Hajiya, kyanwarki ta tsira."

Sauran maganar tana bakina, ta yi min nauyi kamar dutsen niƙa. Muka wuce gidaje, muka wuce bishiyoyi, har muka iso gida. Maigadi ya buɗe mana ƙofa. Ina zagayawa baya na tarar da takwara zaune a kan yashi, ƙafafunta a binne, bakinta duk ƙasa. Ta miƙo min murfin kwalba ta ce in ci tuwo. Na sunkuce ta, ban san ina da sauran wannan ƙarfin ba, na kai ta famfo na wanke mata hannu da baki da ƙafa tana ta kuka. Na kira uwarta na gaya mata duka.

Bayan magariba mai gidan ya dawo. Na sa matarsa ta kira shi barandar baya. Ya tsaya daga gefe, ni ina fuskantar matarsa, na sake faɗar abin da likita ta ce tun daga farko, ban rage ko ɗaya ba. Na ce iri biyu ne, kuma duka biyun suna iya kama yaro. Ya ce wa matarsa gobe da sassafe ta kai yarinyar asibiti. Ya juya ya shiga ciki.

Da asuba na ɗauko buhun daga kan tagar kicin na ajiye a bakin ƙofata. Magana ya yi, sharaɗi ya sa, sharaɗin kuma ya cika. Ban ga dalilin da zan sa ya aiko a nema ba. Na dafa wa kyanwar ɗan kifi, ta ci, ta hau buzun ta kwanta.

Surukata ta fita da takwara tun da wuri. Saboda haka da ya zo gaisuwa, ba kowa a tsakaninmu sai buhun. Ya durƙusa ya gaishe ni, na amsa ina kallon bango. Bai tashi ba.

Ya ce, "Wa ya kawo wannan nan?"

Ba wanda zan ce ya gaya masa. Na ce, "Ni ce."

Ina jin numfashinsa, irin na ubansa in yana tunani. Na san idonsa ya kai kan buzun, don ƙofar a buɗe take.

Ya ce, "Hajiya, kina so a kai ta?"

Tun da na haife shi bai taɓa tambayata abin da nake so ba, don ban taɓa ba shi hanya ba. Na juyo na dube shi. Ashe furfurar ta fi yadda nake zato yawa.

Na ce, "Ba na so."

Ya ce, "To."

Ya tambaye ni yadda ake ba ta maganin. Na ce likita ta ce a naɗe ta a zani, mutum ɗaya ya riƙe, ɗaya ya buɗe bakin. Ya cire hularsa da agogonsa ya ajiye a kan dakali, ya shigo ɗakina, ya ɗauke ta daga kan buzun ya naɗe. Ta yakushe shi a bayan hannu har jini ya fito, bai sake ta ba. Ni na tura ƙwayar, na shafa mata maƙogwaro har ta haɗiye. Kanmu ya kusa haɗuwa.

Kafin azahar leburori sun zo da baro sun kwashe yashin kaf, a buhun nan aka zuba na ƙarshe. Daga baya aka shafe wurin da siminti. Likitan yara ya duba takwara ya ba ta magani, ya ce a riƙa sa mata takalmi, a yanke mata farce. Ta yi kwanaki tana fushi da ni saboda tuwonta, sai da na ba ta ƙaramar tukunya da tsabar masara sannan muka shirya.

Daron ya zauna a bayan ƙofata ta waje. Kullum da safe ina kwashewa, kuma yanzu ina zuba tokata yadda na saba, sai dai ranar da za a kai wa likita. Kyanwar ta fara cikowa a hankali, dasashin ya yi ja, gashin ya kwanta.

Ranar da lokacin sake dubawa ya yi, na shirya robar na naɗe a leda ɗaya, ina jiran surukata ta gama shiri. Sai ga shi ya zo gaisuwa cikin manyan kaya, da makullin mota a hannu. Ya gaishe ni, na amsa. Ya miƙo hannu ya ce, "Kawo saƙon likitar, hanyata ce."

Na miƙa masa. Ya karɓa da hannun hagu, ya riƙe shi nesa da babbar rigarsa, ya nufi mota. Surukata tana tsaye a ƙofar kicin, ta toshe baki da gefen ɗankwali. Da yamma ita ta kawo min amsa: likita ta duba, ba ta ga ƙwai ko ɗaya ba.